Alli da Jan Gyalen Mama

Ranar Asabar ɗin da makarantarmu ta gayyaci iyaye su zo su ga ayyukan ɗalibai, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Dutse Alhaji, na tsaya a tsakiyar fili da hantsi ina roƙon ɓera ya taimake ni ya motsa. Farin ɓera ne mai jajayen idanu, na sa masa suna Alli. Malamin kimiyyarmu, Malam Bulus, shi ya sayo shi don a feɗe a gaban aji mu ga hanji da zuciya. Ni kuwa da taurin kan da aka san ni da shi, na bi Malam har bakin babur ɗinsa ina naci, sai da ya gaji ya ce in na koya wa ɓeran bin hanya mai lunguna ya nuna wa iyaye, an bar mini shi. In ya kasa, Litinin ɗin da ke biye sai wuƙa.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna a jere, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki, kuma babu wanda ya yi maraba da baƙona. Mama ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin inda ake ciyar da ɓera da gangan ba, amma ta ba ni ɗan siton da muke ajiye gawayi. Tagarsa ɗaya, an toshe ta da wani tsohon jan zane. Na yanka kwalayen taliya na liƙa su suka zama lunguna, na ajiye guntun ƙuli-ƙuli a ƙarshe. Kullum in na dawo makaranta sai na yi wanke-wanke, na tare mai ruwa ya cika randa, na share tsakar gida, sannan in shige sito. Ina jin ƙawayena suna 'yar gala-gala a waje suna kirana uwar ɓera, ko a jikina. Kafin wata ya cika Alli yana zaga lungunan nan kamar shi ya gina su.

Amma ranar da ake buƙatarsa, da aka ɗora kwalin a kan tebur rana na dukansa, Alli ya manne a kusurwa. Ya yi kashi, ya hau goge fuska da hannuwa babu ƙaƙƙautawa, ƙirjinsa yana bugawa ina gani. Iyaye suka fara dariya. Malam Bulus ya duba agogo ya ce, "Rabi, ɓeranki ya ƙi aiki fa. Oya, Litinin ki kawo shi."

Kuka ya taso mini, na haɗiye shi, don na rantse a raina ba za a feɗe shi ba. Na tuna sau biyu na taɓa ganinsa a wannan hali, kuma duka biyun Mama ce ta buɗe ƙofar sito don ɗibar gawayi, rana ta faɗo masa. Da an rufe ƙofa, ɗakin ya koma ja-ja saboda zanen taga, sai ya ci gaba da harkarsa. Na ɗaga kai, ga Mama can a bayan mutane da jan gyalenta na fita unguwa. Na kutsa na kama bakin gyalen.

"Ke, a gaban mutane?" in ji ta, tana zare mini ido. Mama mace ce da ko ƙofar gida ba ta leƙawa babu mayafi. Ban saki ba. Ta dube ni, ta dubi teburin, sannan ta zare gyalen ta miƙo mini, ta tsaya daga ita sai ɗankwali tana kallon ƙasa. Na shimfiɗa shi a kan kwalin. Shara-shara ne, ana hango ciki. Da farko Alli bai bar kusurwarsa ba. Can sai gashin bakin Alli ya motsa, ya miƙe jiki, ya shinshina bango, ya ɗauki lungu na farko. Bai tsaya ba sai a kan ƙuli-ƙulinsa. Malam Bulus ya yi dariya ya ce to, sai ya nemi hoto ya koyar da hanji.

Yau aikina ke nan a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Abuja, ina auna yadda haske ke tsorata ɓeraye. Sai da na girma na karanta cewa idonsu ba ya ganin jan haske sosai, shi ya sa muke kunna jar fitila in muna son kallonsu hankalinsu kwance. Ɓerayen yanzu lamba gare su, ba suna ba, kuma ba kowanne nake iya ceta ba. Alli ya tsufa a sitonmu ya mutu da kansa. Mama ma ta rasu, ba ta taɓa fahimtar me nake yi da ɓeraye ba, iyakarta ta ce Allah ya taimaka. Duk sanda na kunna jar fitilar nan ɗakin ya rine, ita nake gani tsaye cikin rana, kanta babu gyale, saboda na roƙa.