Yadda Muka Raka Yaya Mairo Har Ta Rame

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Mairo, kuma har yau idan na bi ta Takoma Park na hangi rafin da ya ratsa unguwar, dariya ce take riga hawaye zuwa. Mutanenmu na yankin Washington sun san ta da Hajiya Mairo nas. Ni kuwa uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ta ɗauko ni daga Katsina, a ɗakinta na zauna har na yi aure na koma Wheaton. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.

Ba jinyarta nake son tunawa a shafin nan ba, ba kuma cikar da aka yi a jana'izarta ba. Safiyar Asabar ɗinta nake son tunawa, da yadda mu masoyanta muka kusa raba ta da ita.

Kowace Asabar idan gari ya waye, sai ta sa takalmin kambas, ta yafa mayafi, ta bar wayarta a kan tebur, ta shiga kurmin bakin rafi ita kaɗai. Ba motsa jiki take yi ba, don tafiyar da take yi ko tsohuwa mai sanda sai ta wuce ta. Takan tsaya gaban bishiya ɗaya kamar ta gamu da tsohuwar ƙawa. Takan zauna a kan dutse ta zuba wa ruwa ido. Daga nan ta dawo gida fuskarta fes, ta dama koko, ta tsokani kowa har maigidanta.

Asalin abin tun tana karatu a College Park ne. An tilasta musu wani darasi na adabi, a nan ta gamu da rubutun wasu tsofaffin masanan ƙasar nan, masu cewa farin ciki mai ɗorewa ba ya cikin tara kaya ko yabon jama'a, sai mutum ya keɓe, ya dubi halitta, ya saurari zuciyarsa. Ta dawo tana dariya, wai Turawa sun cika littattafai da abin da malaminmu na Islamiyya ya koya mana, wato tafakkuri. Bambancin kawai, in ji ta, su sun fita sun yi, mu kuwa mun haddace kalmar mun koma hira.

To, mu Hausawa kun san halinmu. Idan mutum ya zauna shi kaɗai ba ma cewa hutawa yake yi, cewa muke yi wani abu na cin sa. Ko baƙo ba ma bari ya fita sai mun taka masa, balle a ƙasar da ba tamu ba, inda muka ga kaɗaici ya nakasa mutane. Wata safiya Hajiya Zainabu, 'yar Maraɗi, shugabar ƙungiyarmu ta matan zumunci, ta wuce a mota ta hango Yaya Mairo zaune a bakin ruwa babu kowa kusa da ita. Kafin azahar magana ta zaga gidaje. Wasu suka ce ita da maigidanta ne. Wasu suka ce aikin asibiti ne ya taɓa ta. Wata dattijuwa ta ce kurmi da sassafe yana da masu shi. Babu wadda ta tambaye ta, don a wurinmu tambayar babba kai tsaye rashin kunya ce. Aka dai yanke shawarar a riƙa raka ta, kowace Asabar da mai zuwa.

Kuma wallahi mun raka ta. Hajiya Zainabu ta je da filas ɗin shayi da labarin auren 'yarta, tun daga gaisuwar iyaye har kai amarya. Wata ta je tana kunna mata wa'azin haƙuri a waya. Ni da aka sani da baki na je da dambun nama da labaran Katsina kaf. Yaya Mairo ba ta kori kowa ba. Ina za ta iya? Wadda ta taso cikin sanyi don ta raka ki, da wane baki za ki ce mata ta koma? Godiya take yi, ta saurara, ta yi murmushi.

Sai ta fara ramewa. Tsokana ta ɗauke, ta fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Muka dubi juna muka ce ai ga shi nan, da ma mun faɗa. Nan take muka ƙara masu rakiya suka koma biyu-biyu. Duk sanda na tuna wannan basira tamu sai na yi dariya har na riƙe ciki.

Ranar da asiri ya tonu ni kaɗai na je, abokiyar rakiyata ta makara. Lokacin ganyaye sun yi ja suna zuba. Ina tsakiyar labari ta kama hannuna.

"Hadiza, don girman Allah ki ɗan yi shiru."

Na yi shiru. Ashe rafin nan yana da ƙara, duk zuwan da nake yi ban taɓa ji ba. Wata barewa ta fito ta dube mu ta wuce abinta. Ban jima ba bakina ya fara ƙaiƙayi, na ce, "Yaya, wai me ke damunki?"

"Ku," in ji ta. Sai ta fashe da dariya irin wadda muka daɗe ba mu ji ba.

Ta ce mini duk mako sunanta ake kira. A asibiti majinyata na danna ƙararrawa, a gida yara, a waya dangi daga Katsina, kuma dukansu tana son su. Amma a nan babu mai kiranta, babu mai jiran ta yi masa wani abu. Tana kallon ruwa yana tafiya da ikon Mai shi, sai wani daɗi ya taso mata daga ciki. Daɗin biki, in ji ta, jama'a ne suke zuwa da shi, idan sun watse su tafi da abinsu. Wannan kuwa babu mutumin da ya ba ta, shi ya sa yake bin ta har bakin gadon mai ciwo ranar Litinin.

Ban ce na gane duka ba, amma na gane yayata ce ke roƙona, kuma tausayinta ya kama ni. Na koma wa ƙungiya na ce daga yau rakiyar Yaya Mairo tawa ce ni kaɗai, ai ni ce ƙanwarta. Kuma ban yi ƙarya ba. Kowace Asabar nakan ɗauko ta a mota in kai ta bakin kurmi, ta shige, ni kuwa in kwantar da kujera in yi ta zuba da ƙawayena a waya har ta fito. Ba a jima ba ta murmure, kumatu suka dawo. Hajiya Zainabu ta tara mu ta ce, "Kun gani ko? Rakiyar nan ta yi aiki." Yaya Mairo ta ce ƙwarai kuwa, Allah ya saka da alheri. Haka muka yi shekaru, da zafi da dusar ƙanƙara.

Ko da ciwo ya kwantar da ita abin nan bai bar ta ba. Ta sa aka juya gadonta ya fuskanci taga. Masu dubiya su shigo da fuskar jaje su fita suna dariya. Ba na cewa ba ta ji zafi ba, ta ji, na share mata hawaye da hannuna. Amma hankalinta a kwance yake har ƙarshe, na shaida wannan.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Natsuwa ta zama sana'a a garin nan. Akwai manhaja a waya mai gaya maka lokacin da za ka ja numfashi, akwai azuzuwan koyon zama shiru. 'Ya'yanmu na toshe kunne su saurari ƙarar ruwan sama da aka naɗa, alhali ga ruwan nan yana zuba a waje. Na san za ta yi dariya, amma ba za ta raina su ba, don ta san abin da suke nema. Ƙungiyarmu ma ta koma cikin waya, yanzu ba a jiran azahar magana take zagawa.

A bana Jamila, 'yar Yaya Mairo, ta haifi ɗanta na fari. Muka cika gidan kamar yadda aka saba, ga kunun kanwa, ga ruwan zafi, masu barka na shiga suna fita. Da yake ba ta da uwa, kowa na so ya tsaya mata, ba a bar ta ita kaɗai ko na ƙiftawar ido ba. Bayan arba'in sai aka fara rubutu a zauren ƙungiya: Jamila ta daina cin abinci, an same ta zaune cikin mota a gareji ita kaɗai. Har an fara tsara wadda za ta wuni da wadda za ta kwana.

Na je gidan na tambaye ta kai tsaye, idan baƙin cikin bayan haihuwa ne mu tafi asibiti yanzu. Ta ce ta riga ta ga likitarta, ba shi ba ne. Da Turanci ta amsa mini, kamar yadda yaran nan suke yi tun suna ƙanana. Ta ce tana son kowa, amma ta manta rabon da ta ji tunanin kanta.

Na karɓi jaririn na goya. Masu aikin tsarawa na ce musu jegon nan ya dawo hannuna. Na ce wa Jamila ta tafi kurmin uwarta. Ta san wurin, ba sai na kwatanta mata ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

"Anti, ba za ki zo ba?"

"Ni da goyo? Tafi abinki."

Ina jijjiga yaron ina ta tunanin uwarta. Yaya Mairo ba ta bar gini ba, ba ta rubuta littafi ba. Ni kaina ta kasa koya mini shiru, har gobe ba na iya cin abinci ni kaɗai. Amma ta bar wa gidanmu sanin cewa akwai daɗin da mutum yake samu tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma masu son sa suna iya tsaya masa a bakin ƙofa ba sai sun bi shi ciki ba.

Rana ta ɗaga sosai kafin Jamila ta dawo. Ta wuce ni, ta wuce ɗanta, ta shiga kicin ta buɗe tukunya. Sannan ta leƙo, da Hausa, Katsinanci tsantsa, ta ce, "Anti, akwai sauran tuwo? Yunwa nike ji."