Malam Iro da Faifan da Ba a Kiran Sunansa

Marigayi Malam Iro ba ya kwance kwamfuta sai ya yi mata sallama. Duk wanda ya zauna a layinmu na 'yan waya a Kontagora ya san haka. Ni nake saro tsofaffin kwamfutoci ina sayarwa, shi kuma yana gyara a ƙuryar shagona, yana ɗora wa kowacce manhajar Linux ko an so ko ba a so.

A wurinsa na san kanel, wato zuciyar manhajar da ke fara tashi idan an kunna. Idan ka buɗe jerin faya-fayan ajiya da ke aiki, za ka ga kowanne da sunansa, sdb ko sdc. Amma a irin injinan da yake haɗawa, faifan da kanel ya tashi daga kansa sai dai ka ga /dev/root. Na ce masa wannan ai matsala ce. Ya ce tarbiyya ce, wane ɗan halak ne ke kiran ubansa da suna?

Shi ma haka yake da kunya. Ranar ɗaurin auren ɗansa na fari liman ya tambayi sunan ango, Malam Iro ya duƙar da kai ya zungure ni da gwiwar hannu. Liman ya ce, "Malam, ɗanka ne fa." Ya ce, "Shi ya sa."

Wata Laraba Hajiya Kulu, mai sayar da atamfa a Dukku, ta kawo kwamfutar da ya taɓa haɗa wa ƙaninta. Faifai biyu ne a ciki. Babban, wanda injin ke tashi da shi, yana ɗauke da karatun tafsirin marigayi mahaifinta, kuma babu kwafinsa ko'ina. Na biyun take so a goge a ba jikanta. Ta ce ƙaninta ya gaya mata sdb ne, a yi sauri, mota na jiranta a tasha.

Malam Iro ya ƙi. Ya ce sda da sdb sukan yi musayar suna daga kunnawa zuwa kunnawa, kanel kuma ya ƙi faɗin wanda ya haife shi, don haka sai ya bi lambar da kowane faifai ke ɗauke da ita ya gwada. Ga shi da yatsa ɗaya yake buga rubutu. Hajiya ta kira shi kunkuru, ta kira ni mai ɗaure wa kunkuru gindi. Direba ya bugo waya ya ce ya tafi.

Da lambar ta fito, sai ga shi a wannan kunnawar sdb shi ne babban, mai ɗauke da tafsirin.

"Hajiya, motar Dukku gobe ma akwai," in ji shi. Ya ciro goro ya ɓantara mata ɗan mitsitsi, wanda a ma'auninsa walima ce.

Sannan ya goge ɗayan, ya kunna mata karatun don ta tabbatar. Muryar tsohon ta cika shagon. Hajiya ta zauna a kan kwali ta ja gyale ta rufe fuska, shi kuma ya fita ya tsaya a rana har ta gama.

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya yafe masa, Ya sa ya huta.