Malama Furera da Ɗaliban da Haruffa Ke Yi Wa Gardama

Da sassafe Malama Furera take shiga mota daga Tofa zuwa kwalejin horar da malamai, inda ta tsufa tana koyarwa. In an tashi, ba ta zarcewa gida. Takan zauna da ɗaliban da haruffa ke cakuɗe musu a ido, masu basira amma karatu da rubutu na ba su wuya. Wasu malaman kan kira su daƙiƙai. Ita kuwa kullum sai ta sa ɗayansu ya jagoranci zaman.

Muntaka, ɗan manomi daga Makoda, an taɓa sa shi karatu a gaban aji, aka yi ta dariya har ya daina magana. Shekarar da hatsi ya yi tsada, ɗalibai na shiga aji da yunwa, Malama ta ce shi zai je wurin shugaban kwalejin ya roƙi filin bayan makaranta su noma.

"Malama, ni da ko sunana sai na yi kuskure wajen rubutawa?"

"Ba rubutu na aike ka ba, ɗana. Ka san gona, ka san yunwa. Je ka faɗa."

Ya je, ya dawo da fili. Shi ya shugabanci ɗaliban har suka girbe gero da wake.

Amma ba duka ta iya riƙewa ba. Uwaisu, wanda ya fi kowa iya sasanta rigima, ya yi ta faɗuwa jarrabawa har aka sallame shi. Ta roƙa a yi masa ta baka, ba a yarda ba. Ta bi shi ƙauyensu, ta tarar ya tafi haƙar zinare. Ramin ya rufta da shi. Ranar ta'aziyya mahaifiyarsa ta riƙe hannun Malama, ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki taɓa raina shi ba."

Yanzu idonta ya yi rauni, ta yi ritaya, kuma babu wanda ya karɓi zaman.

Malama Furera, uwar waɗanda aka raina, ke ce kika tsayar da su a gaba lokacin da kowa ke tura su baya. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ji ƙan Uwaisu. Ku kuma malamai, akwai irinsa a ajinku yau, yana zaune can baya, kansa a ƙasa. Ku kira sunansa kafin ya tattara littattafansa ya tafi.