Shanun da Ardo Ya Ɓoye

Bana shekara ashirin da uku ke nan da muka yi rashin Likita Raman, Ba'indiyen likitan dabbobin da na yi aiki a ƙarƙashinsa a Kaura Namoda. 'Yan ƙasarsu da aka ɗauko tare da shi duk sun koma gida tun kafin a ba mu jiha, shi kuwa ya yi zamansa. Fulanin Zurmi da Shinkafi Dokta Nagge suke ce masa, wato likitan saniya, don ba ya cin nama, kuma yakan shafa wuyan saniya kafin ya gaida mai ita. Ni ne malamin allurarsa, mai yawo ruga-ruga a kan babur da akwatin ƙanƙara.

Bai taɓa jan kowa zuwa addininsa ba, amma mutum ne mai son gardama, ni ma haka Allah ya yi ni. Ya ce malaman ƙasarsu sun daɗe suna jayayya a kan abin da ke 'yantar da mutum daga ƙuncin duniya, aiki ne ko sani. Waɗanda yake bi sun ce ran mutum da asalin komai abu ɗaya ne, jahilci ne ke nuna su biyu. Ibada da sadaka da hidima suna wanke zuciya, amma sani kaɗai ke korar jahilci. Misalinsa kullum ɗaya ne: mutum ya ga igiya a ɗaki mai duhu ya ɗauka maciji ne, ko ya wuni yana jibgarta da sanda tsoro ba zai sake shi ba sai an buɗe taga. Nakan ce masa wannan karatun malalata ne, mu an koya mana ilimin da ba a aiki da shi hujja ne a kan mai shi. Abin haushin, mai cewa aiki ba ya 'yantarwa ya fi kowa sammako a ofis.

A shekarar da aka yanko Zamfara, aka tura ni rigakafin ciwon huhu rugar wani dattijo, Ardo Buba, can bayan Galadi. Taya ta yi faci a hanya, kafin in isa ƙanƙarar ta kusa narkewa. Ƙa'ida ita ce in juyo, don maganin in ya ji zafi ya zama ruwa. Na dubi nisan da na yi, na ji ƙyuya, na yi allurar, na tsaga wa kowace saniya kunne kamar yadda muke yi don shaida. Bayan wata huɗu labari ya iso cewa shanun Ardo suna ta faɗuwa.

Ban gaya wa kowa ba, sai na hau aiki kamar mai biyan kaffara. Kira ko daga ina ne, ni ke zuwa. Rugar Ardo kuwa ta zama gidana na biyu: in cire kaska, in wanke gyambo, in kwana biyu in koma. Abu ɗaya ne ban taɓa ɗagawa ba, zancen shanun da suka mutu, shi ma bai taɓa ɗagawa ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a, wa'azi ya koma kan amana da haƙƙin mutane, duk Juma'a sai in ga kamar ni liman yake kallo. Na ƙara da azumin nafila, na rame, zuciyar dai tana nan inda take.

Wata rana da hantsi Likita ya tsare ni a ɗakin magani, na kwashe komai na faɗa masa, ina jiran kora. Da Hausarsa ta bakin ruga ya ce, “Ka tambayi Ardo waɗanne na sunka mutu?” Na ce a'a. Ya ce, “Shekara uku kana bugun abu, ba ka buɗe taga ba. Hau babur.”

Na tarar da Ardo a bakin garke. Na durƙusa na ce, “Baffa, ni na kashe maka shanu, maganin da na yi musu ya lalace.” Ya ce, “Malam, cikin waɗanda sunka mutu babu mai tsagaggen kunne ko guda. Ran da kaz zo, rabin garken na cikin daji. Mun ji an yi sabuwar jiha, munka ce jangali za a maido. Ni nab ɓoye su. Kunya ta hana ni faɗi, ina ganin kana ta wahala da mu.” Na tashi na zaga garken ina duba kunnuwa, ga tsofaffin shanuna nan suna tuƙa. Nauyin da azumi da yawon babur suka kasa saukewa ya sauka kafin azahar.

Da na koma na ce wa Likita ya ci gardama. Ya girgiza kai ya ce, “Da baƙo na yat tambaye shi, ba ya faɗi. Shekara ukun ga ita ta buɗe mai baki.” Sai a ranar na gane abin da yake nufi da cewa aiki yana wankewa. Bai rage mini laifin ƙanƙarar ba, ya sa na rubuta shi da hannuna a rahoto.

Ba a jima ba ciwo ya mai da shi gida, wasiƙar 'yarsa ce ta kawo mana labarin mutuwarsa. Yau hanyar Galadi ba ta biyuwa yadda muke bin ta, iyalan Ardo sun watse, wasu an ce suna Nijar. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga manomi da makiyayi, waɗanda suka sha fura a ƙwarya ɗaya, kowa yana tsoron inuwar ɗan'uwansa. Ba zai ce duk igiya ce ba, macizan gaske sun shigo, mun kuma binne mutane. Amma na san zai tambaya ko an tsaya an duba kafin a ɗaga sanda.

Ban karɓi aƙidarsa ba, alƙiblata tana inda take, kuma har gobe ina ganin sani da aiki tare suke tafiya. Sai dai ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shi, don da ba dominsa ba da har yau ina ɗauke da gawar shanun da ban kashe ba. Ƙarfen tsaga kunnen yana nan rataye a zaurena. Duk wanda ya shigo mini da damuwar da ya yanke wa kansa hukunci a kanta, nakan nuna masa shi in tambaye shi ko ya je ya duba kunnuwan.