Gidan Yumɓun da Na Kai wa Inna

Shekarun baya, lokacin da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, ina cikin ma'aikatan da aka ce su tattara nasu-ya-nasu su koma gida. Na sauka Birnin Kebbi da iyali da furfura a gemu, na kama haya a Badariya. Ofis ɗin da aka ba mu kuwa, kujera ma karɓa-karɓa muke yi, aiki bai kankama ba tukuna. Zaman ya ishe ni, sai na fara zane da biro a bayan takardun da aka gama da su. Butar alwala, keken da aka jingine a gindin dogon-yaro, duk abin da idona ya faɗa a kai. Ni da rabona da zane tun firamare.

Ina da wani aboki mai rubuta allunan shaguna da ofisoshi, wanda kakarsa ta yanke saƙa a lokacin, don sabuwar jiha kowa allo yake so. Da ya ga butata ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce agwagwa ce na zana, amma ya ba ni ragowar fenti da tsohon burushi. Daga biro na koma gawayi, daga gawayi na koma fenti a kan katako. Matata ta ce wasu in tsufa ya zo carbi suke ƙarawa, ni kuma wasan yara na tsinta. Ban musa ba, don abin ya riga ya shiga jinina.

To, ni ɗan fari ne a wurin mahaifiyata, Inna, ita kuma irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta hira da ni. Ana yaye ni aka miƙa ni gidan kakata, can ƙarshen unguwarmu a Argungu. In na je gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a gajarce, in akwai saƙo kuma ta bakin ƙanwata zai fito, ko da ina durƙushe a gabanta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Amma ba zan ɓoye ba, na kusa hamsin ina marmarin ranar da Inna za ta dubi wani abu nawa sau ɗaya ta ce ya yi.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ruwan wata damina ya kwantar da tsohon gidanmu, Inna ta koma wurin ƙanwata. Ƙanwata ta ce kullum zancenta ke nan, gidan nan, rijiyarsa, rumbunsa. Sai na ce ga dama ta samu. Na zauna na zana gidan da fenti, na ƙure duk 'yar basirata, na naɗe a tsohon zane na hau mota zuwa Argungu ina ji da kaina.

Na durƙusa na gaishe ta, na ɗaga hoton a gabanta. Ta kau da kai kamar yadda ta saba. Na jira, na gyara riƙo, har hannuna ya gaji. Na jingine shi a bango na fito raina a jagule, sai ƙanwata ta biyo ni zaure.

"Yaya, Inna hwa ba ta gani tun bara," in ji ta. "Mun kai ta asibiti, anka ce ba abin yi. Ita tac ce kada a hwaɗa maka."

Na zauna a kan dakali. Kusan kowane ƙarshen wata ina zuwa gaishe ta, ban lura ba. Ta yaya zan lura? Idon da bai taɓa sauka a kaina ba, ban san ranar da ya mutu ba. Wannan abu ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da na koma Birnin Kebbi na ce tunda ido ya tafi, ai hannu na nan. Na sayi ƙwarya, na koyi zane da wuƙa mai zafi, na ƙona yatsu har matata ta gaji da yi mini sannu. Na zana gidan a jikin wata babbar ƙwarya na kai. Inna ta shafa, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, sannan ta ce wa ƙanwata ƙwarya mai kyau ce, sai dai an ɓata mata baya. Daga ranar ta zama ƙwaryar wanke shinkafa.

Sai na koma ga yumɓu. Na ɗebo daga fadama wajen Ambursa, na kwaɓa da ƙaiƙayin shinkafa don kada ya tsage, na gina gidan kacokan a kan faffaɗan katako: zaure, ɗakuna, rumbu, rijiya, madafa, da katanga kewaye. Ya rushe na sake, ya tsage na sake. Da ya bushe na ɗora shi a cinya a cikin mota, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati, fasinjoji na tambaya ko ƙwai na ɗauko.

Ƙanwata ta ajiye shi a gaban Inna ta ɗora mata hannu a kan zauren. Sai yatsunta suka shiga ta ƙofa, suka bi tsakar gida a hankali, suka tsaya a rijiya, suka zagaya rumbu. Tana tafe tana faɗin sunan kowane wuri ƙasa-ƙasa, ba wanda ya gaya mata. Da ta kai ɗakinta ta daɗe a nan. Daga nan ta bi katangar bayan ɗakin, ta kai ƙarshe, ta dawo, ta sake bi.

"Ki ce ma yayanki katangag ga ba haka take ba," in ji ta. "Akwai giɓi nan."

Ƙanwata ta ce ita ba ta tuna wani giɓi ba, ni ma ban tuna ba. Inna ta sa aka kawo mata ruwa, ta tsoma yatsa, ta dinga murza saman katangar har yumɓun ya yi laushi ya lotsa. Ƙanwata ta tambaye ta me ya sa ba a taɓa toshe shi ba, alhali duk shekara ana yaɓen gidan.

"Ni nah hana," in ji Inna. "Ta nan nika ganin wucewar yaro in za shi makaranta."

Hanyar makaranta daga gidan kakata ta bayan katangar nan ta bi. Shekara da shekaru ina wucewa da safe, ina harbin duwatsu da ƙafa, ban taɓa ɗaga kai ba. Na tashi na fita zaure don kada ƙanwata ta ga dattijo na kuka.

Inna ta rasu ba da daɗewa sosai ba, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa cewa aikina ya yi ba, kuma na daina jira tun ranar. Yanzu na yi ritaya, ina fenti, ina ƙwarya, ina yumɓu, har da ɗan rini da sassaƙa, mutane na ce mini mai zane, in amsa ba kunya. Masu zuwa kallo kan tsaya a kan gidan yumɓun, wasu su ce Malam, nan wurin ya lotsa, a gyara mana. Nakan ce a bar shi. Duk gidan ni na gina, amma wurin nan Inna ce ta yi da hannunta, kuma har gobe in na sa yatsana a ciki sai na ji kamar yanzu zan wuce, tana tsaye tana kallona.