Kujerar da na ce ba aikin yayana ba ce

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Bukar Kafinta makwancinsa a Diffa. Allah ya jiƙansa. Kowace shekara nakan zauna in yi masa yabo a wannan fili. Bana ba yabo na kawo ba, laifina na kawo.

Wanda ya girma a bakin kogin Komadugu ya san kujerar Yaya Bukar: gajera, mai faɗin baya, da itacen kanya, mazauninta saƙar kaba. Ƙusar ƙarfe ko ɗaya ba ya sawa. Itace yake fiƙewa ya cusa, don idan kogi ya cika ya shigo gidaje, a kwance kujerar a ɗaure ta a kan jaki. Manoman tattasai ne masu sayenta, wani ma da buhun tattasai yake biya. Shi kuwa bai taɓa ganin wani abin mamaki a cikinta ba. Kujera ce, a zauna.

Yau fa? Tun da tashin hankali ya kori mutane daga garuruwan bakin kogi, yawancin kujerun sun ƙone ko an baro su. Ƴan kaɗan da suka tsira sun zama abin nema. Manyan ma'aikata na sayensu su kai Yamai, su ajiye a falo, ba mai zama a kai. Da Yaya zai ga wannan, na rantse sai ya yi dariya har ya shaƙe.

Ni ne na rage wanda ya san hannunsa, don haka masu saye suke kirana in duba. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Bayan sallar layya wani dillali ya zo ƙofar gidana da wata dattijuwa daga Gagamari, Ya Falmata. Gudun hijira ya kawo ta can da jikoki huɗu, iyayensu ba labari. Ta ɗauko kujerarta a ka. Kuɗin da aka yi mata tayi zai ciyar da su har kaka, sharaɗin kawai in ce aikin Yaya ce.

Na kifa kujerar. Ga kan ƙusa nan har uku, sun yi tsatsa. Wani ne ya kwaikwaya, kuma bai iya ba. Raina ya ɓaci, bakina ya riga tunanina.

"Haba, Ya Falmata! Wannan? Yayana ko da zazzaɓi ba zai yi wannan ba."

Dillali ya kaɗe rigarsa ya shiga mota. Ita ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, Malam. Mijina ne ya sayo ta, haka aka gaya masa." Ta gyara gammo, ta ɗora kujerar, ta kama hanya cikin rana.

Ƙarya ba zan yi ba, na sani. Amma me ya hana ni zaunar da ita, in ba ta ruwa, in shiga ɗaki in fito da ɗaya daga cikin kujeru biyun Yaya da nake gadi kamar raina, in ba ta? Wallahi bai zo mini ba sai bayan kwana tara. Yaya ba zai kai kwana tara ba, ko minti tara.

Na ɗaura ɗaya daga cikin kujerun Yaya a babur na tafi Gagamari. Na sami rumfarta, ba kowa. Maƙwabciyarta ta ce hatsi ya ƙare musu, ta kwashe yaran ta koma garinsu na hayin kogi, inda har maza ke tsoron zuwa.

Sunan yayana na nan daram, kujerunsa na ƙara tsada. Abin da ya sa mutane suka so shi ne ban iya riƙewa ba. Duk wanda ya fito daga hayi ina tambayarsa Ya Falmata mai jikoki huɗu. Har yau ba wanda ya ce ya gan ta.