Jan Biron Baba

Ranar da gwaggona ta zare shafi na ashirin daga tafireta, sai da na rangaɗa guɗa, ni da ko a gidan biki ba na iyawa. Tsarin bincikena ne, wanda zan miƙa a jami'a a Zariya don a yarda in fara kundin digiri na biyu, a kan yadda manoman Rigachikun suka daɗe suna ciyar da Kaduna. Wata huɗu ina fama da shi. Gwaggo mai buga takardu ce a ofis, Asabar uku ta sadaukar ta buga mini shi tsaf, ko gogewa ɗaya babu. Litinin ce ranar ƙarshe ta miƙawa, wanda ta wuce shi kuwa sai baɗi.

Na dawo gida Unguwar Dosa bakina har kunne. Mai lemon bakin layinmu sau biyu na gaishe shi. Na nuna wa Inna, wadda ba ta yi boko ba, ta jujjuya shi ta ce, "To, ya yi fari kam." Na rungume ta har da ludayin miyarta. Daga nan na tafka wauta: na ajiye shi a kan teburin Baba don kada ya yi datti, na tafi kitso.

Baba babban akawu ne, shekara talatin yana aikin fayil. A wurinsa duk takardar da ta hau teburinsa aiki ta zo nema. Ko katin ɗaurin aure aka kawo sai ya sa masa kwanan wata.

Da na dawo da la'asar na tarar ya huda gefen takarduna, ya zura musu igiyar fayil, ya bi su shafi-shafi da jan biro.

"Baba! Wanda zan miƙa ne fa!"

Ya sauke tabarau. "Ai ba ki rubuta haka a kai ba. Takarda ta zo, na duba."

Na sha kuka, na ƙi cin tuwo. Gwaggo ta riga ta wuce Kano biki, kwafin kabon da ta buga tare da shi kuma ya dushe, ba ya karantuwa. Don haushi ko kallon abin da ya rubuta ban yi ba. Litinin da safe na cusa shi a jaka na hau motar Zariya.

Malamin da ke duba aikina ya buɗe, ya ga jan biro, sai ya kece da dariya.

"Wa ya riga ni?"

"Mahaifina ne, Malam."

Ya tsaya a shafin da na jera inda zan samo bayanai, duka tsofaffin fayilolin gwamnati. Ya karanta abin da Baba ya rubuta a gefe: "Irin waɗannan mu muke rubuta su, kuma abin da na sama ke son ji muke sawa. A je gona a tambayi masu ita."

"Da wannan na yi niyyar mayar da ke," in ji Malam. "Ki ƙara shi a ciki. Na karɓa, sake bugawar ki kawo mini daga baya."

Na fito ina ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. A mota, da muka zo Rigachikun, saura kaɗan in ɗaga wa mutanen da ke noma hannu. A nan ne na buɗe shafin ƙarshe. Baba, wanda tunda nake bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba, ya rubuta: "Na duba. Mai wannan aiki ta wuce inda na tsaya. A amince." Ya sa hannu, ya sa kwanan wata.

Matar da ke kusa da ni ta ga hawaye, ta dafa ni. "Yarinya, faɗuwa kika yi?"

Na ce, "A'a, Iya. Ci na yi."